Wadda Ta Kwaikwayi Ciwona A Gidan Suna Ta Zo Neman Maganina

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, manya da ƙanana. Admin don Allah ki ɓoye sunana da lambata, akwai dangin mijina a cikin nan, kuma sunayen da zan kira duk ba na gaskiya ba ne. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane ina tofa tawa, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan zo da tawa ba. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Maganar tana da tsawo kuma raina a ɓace yake, in kun ga na yi kaushi a wani wurin ku yi mini uzuri.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a nan Damagaram, ƙananan yara nake koyarwa. 'Yar Tirmini ce ni, iyayena manoma ne, gero da gyaɗa suka rene ni har na yi karatu. Mijina ɗan Birni ne, zuriyarsu Barebari ce, gida ne babba na 'yan kasuwa da ma'aikata, shi yana da shagon kayan babur. Muna da yara biyu, mace da namiji, kuma tsakani da Allah mutumin kirki ne, ban da rauni guda da yake da shi, wato yayarsa. Zan kira ta Yaya Falmata. Infirmiya ce, wato ma'aikaciyar jinya, a wani asibiti a cikin garin nan wanda ba zan faɗi sunansa ba, ita ce majo, shugabar masu jinya, a ɓangaren masu zuwa a duba su su koma gida. A gidansu in dai maganar lafiya ce ba a tsallake abin da ta faɗa, ko kan yaro ne ya yi zafi sai an kira ta kafin a ba shi ruwa.

Ciwona ya fara ne wajen shekara biyu da suka wuce, rana tsaka, ina tsaye gaban allo ina rubuta wa yara darasi. Ba wanda ya ɓata mini rai, ban ji wani mugun labari ba. Kawai sai zuciyata ta ɗauki bugu kamar za ta fasa ƙirjina, numfashi ya ƙi shiga, hannuwana suka yi sanyi, zufa ta karyo mini, na ji ƙasa tana juyawa. Abin da ya fi komai muni shi ne yaƙinin da ya sauko mini cewa mutuwa ce ta zo, yanzu yanzu, a gaban yaran mutane. Na zube ina salati. Abokan aikina suka sa ni a adaidaita sai asibiti. Kafin mu isa abin ya fara lafawa, aka auna tansiyo aka ce jinina bai hau ba, lafiya lau, aka ɗebi jini aka ce akwai ɗan palu, wato zazzaɓin cizon sauro, aka ɗaura mini sirum na ƙarin ruwa, da yamma aka sallame ni da odonas, takardar sayen maganin zazzaɓi. Na sha na gode wa Allah, na ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Ya dawo mini a kasuwa ina cikin cinikin tumatir, ya dawo a cikin adaidaita har na sa mai tuƙi ya tsaya na sauka a tsakiyar hanya, ya dawo ina wanki a tsakar gida. Kuma ko ranar da bai zo ba ba ni da sukuni, don ina zaune ne ina jiransa. Na daina zuwa kasuwa, in an je biki ko gaisuwar mutuwa bakin ƙofa nake zama saboda in samu hanyar gudu, a aji kuwa rabin hankalina yana kan yara rabi yana kan bugun zuciyata. Duk sanda ya taso sai asibiti. Yau a ce palu, gobe a ce taifod, jibi olsa, wata rana ƙarancin jini. Na tara magunguna cikin leda har na rasa wanne ne na wanne. Innata ta zo daga Tirmini ta ce wannan ba na asibiti ba ne, iska ce ko sammu, aka yi mini rubutu na sha, aka yi hayaƙi na shaƙa. Ban raina ba, addu'a ba ta faɗuwa banza, amma ciwo yana nan inda yake.

A zaman layin asibitin nan ne na fara ganin abin da har yau in na tuna sai raina ya tashi. Akwai wata rumfa da bencuna inda muke jira, tun da safe take cika. Da yake na zama 'yar gida sai na fara gane fuskoki. Akwai wata matashiya daga wajen Zermu, kullum da goyo, ita cewa take tsakiyar kanta yana zafi kamar an ɗora garwashi kuma wani abu yana yawo a jikinta, barci ya ƙaurace mata. Akwai wani dattijo daga Garagumsa, mai farin gemu, mai tsabta, kullum hannunsa a dafe da ƙirji, shi ma an gwada an gwada ba a ga komai ba. Mukan zauna muna kwatanta abin da muke ji, sai in ga kamar bakina suka ara. Ashe ma'aikatan wurin sun sa mana suna. 'Yan abone suke kiranmu, wai mun yi rajistar zuwa asibiti kamar masu biyan kuɗin wuta. Ni kaina na taɓa jin Yaya Falmata daga cikin ofis tana gaya wa wata cewa ga tasu abonen ta gida ta iso, suka yi dariya, na yi kamar ban ji ba na shiga na gaishe ta har da rusunawa.

Wata safiya abin ya taso wa dattijon nan a kan layi. Ya sulale daga benci ya zauna a ƙasa, hularsa ta faɗi, yana haki yana roƙon a kira masa ɗansa zai bar wasiyya. Mutumin da a shekaru ya haifi duk wanda ke sanye da farar riga a wurin. Wata infirmiya ta leƙo ta taga ta ce to sinima ta fara, na kusa da ita suka ƙyalƙyale. Ba wanda ya fito ya riƙe hannunsa, ni da matashiyar Zermu muka yi ta yi masa fifita da kwali. Da Yaya Falmata ta fito, ko sunkuyawa ba ta yi ba, ta ce a yi masa allurar bitamin ya tafi gida, yana tare wa masu ciwon gaske hanya. Aka yi masa, ya kaɗe rigarsa, ya ɗauki hularsa, har godiya ya yi musu. Tun daga ranar ban sake ganinsa ba, ban san ko yana raye ba.

Kar ku ce na yi musu kuɗin goro. Na san aikin yana da nauyi, mutane sun yi musu yawa, ga yara ana kawowa suna suma da zazzaɓi, ga masu rauni, kuma akwai masu tausayi a cikinsu da suka taɓa riƙe ni da mutunci. Na kuma yarda yawancinsu ba su san wannan ciwon ba, in inji bai nuna komai ba a wurinsu mutum lafiyarsa ƙalau. To amma rashin sani daban, wulaƙanci daban. In ba ka san abin da ke damun mutum ba ka ce ba ka sani ba, me ya kawo dariya?

Allah ya kawo mini sauƙi ta hannun wata likita da aka yi wa canjin aiki zuwa asibitin. Ranar da na faɗa layinta na miƙa mata ledar magungunana, ta ture ta gefe, ta fara yi mini tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini. Me nake tunani in abin ya taso, yaya barcina, waɗanne wurare na daina zuwa, ina jin tsoro ko da lafiyata lau. Ta sa aka yi mini gwajin zuciya irin wanda ake manna wayoyi a ƙirji, da wani gwajin jini na maƙogwaro, duk suka fito lafiya. Da na koma ina jiran a ce mini ba komai kamar kullum, sai ta dube ni ta ce, "Madam, ciwonki na gaskiya ne. Ba ƙarya kike ba, kuma ba hauka ba ne. Ciwon fargaba ne, yana da magani."

Na yi kuka a ofishin nan kamar ƙaramar yarinya. Ta bar ni na yi, sannan ta yi mini bayani cewa jiki ne yake kaɗa ƙararrawar haɗari alhali babu haɗarin, kuma da yawa daga masu zama a rumfar nan abin da ke damunsu ke nan, su ba su sani ba, masu duba su ma ba su lura ba, sai a yi ta ba su maganin palu suna dawowa. Ta ce za ta tura ni ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Gabana ya faɗi, don kowa a garin nan ya san ɓangaren, yana can bayan asibiti, kuma ba a kiransa da wani suna sai wajen mahaukata. Na yi kwanaki ina juya abin, daga baya na ja hijabi har goshi na tafi. Abin da na tarar ba shi ne abin da ake faɗa ba. Mutane ne zaune a natse, har da masu manyan riguna. Aka ɗora ni kan ƙwaya guda kullum, aka koya mini yadda zan ja numfashi in abin ya taso, ana ba ni randebu, wato ranar komawa, ina zuwa muna magana. Ba a rana ɗaya ba, amma a hankali na dawo mutum. Ranar da na shiga kasuwa ni kaɗai na yi cefane na fito, a bakin titi na tsaya ina hamdala. Mijina kaɗai na gaya wa inda nake zuwa, ya yi murna da sauƙin, ya ce dai in riƙa yin kaffa-kaffa kar a gan ni.

An gan ni. Wata abokiyar aikin Yaya Falmata ce ta kai mata, ita kuma ba ta kira ni ta tambaye ni ba, ba ta kira ƙaninta ba, ta ajiye abin sai ranar sunan ɗan wani ƙaninsu. Gidan ya cika da mata, dangi da maƙwabta da abokan arziki, ni ina ta kai da kawo da farantan abinci. Ina fitowa daga madafa da tire a hannu sai na ji tsakar gida ta kaure da dariya. Yaya Falmata ce a tsakiya, ta dafe ƙirji, ta zaro ido, ta zazzago harshe tana haki, tana tangaɗi tana cewa wayyo zan mutu ku kira mini maigida, da irin muryata, da irin karin maganarmu ta ƙauye. Sannan ta gyara ɗaurin ɗankwali ta sanar da su cewa matar ƙaninta ta samu ƙarin girma, ta tashi daga abonen gaba ta koma abonen wajen mahaukata, har ƙwaya ake ba ta. Wasu suka yi tsit da suka hango ni, wasu ba su fasa ba. 'Yata tana zaune a cikinsu tana dariya ita ma, don ta ga manya suna yi. Na ajiye tiren a hankali, na raba abincin har na gama, ban san da wane ƙarfi ba. A hanyar gida yarinyar ta tambaye ni wai Mama mene ne wajen mahaukata.

Abin da ya biyo baya kun san shi ko ban faɗa ba. A wurin sunan ma da na karɓi jaririn zan yi masa addu'a, wata gwaggonsu ta zo da sauri ta karɓe shi wai zai sha nono, alhali yanzu ya sha. Uwar mijina ta aiko a ce kar a riƙa barina ni kaɗai da yara, a kawo mata su in mijina ya fita. Magana ta kai lakwal, wani uba ya je wurin direkta ya nemi a canza wa ɗansa aji. Direktan ya kare ni, Allah ya saka masa, amma ya kira ni ya tambaye ni ko ina son hutu, da wata irin murya ta lallashi da ta fi zagi ciwo. Ni da mijina muka yi rigimar da ba mu taɓa yi ba. Na ce ya je ya gaya wa yayarsa ta tozarta ni kuma ta ci amanar aikinta, ya ce ai wasa take, haka take da kowa, kuma a matsayin uwa take gare shi ba zai iya ɗaga mata murya ba. Ya ce mafita ɗaya ce, in daina zuwa can, magana za ta mutu da kanta. Na biye masa na daina zuwa, na yanke ƙwayar rana ɗaya. Ciwon ya dawo ya fi na da, har na kasa zuwa aiki. Da kaina na lallaɓa na koma, aka yi mini faɗa sosai kan yanke magani ba da izini ba, aka sake ɗora ni. Likitar nan da ta fara gano ciwon ta ji abin da ya faru, ranta ya ɓaci, ta ce tona sirrin mara lafiya laifi ne a aikinsu, in ina so in kai ƙara wurin shugaban asibiti za ta tsaya mini. Na ce a bari. Na bari ne saboda aurena da 'ya'yana, ba don na yafe ba. Tun daga nan tsakanina da Yaya Falmata sai gaisuwar fatar baki.

To ga abin da ya kawo ni. A makon jiya bayan la'asar ina gyaran wake sai ga sallamarta, ita da ba ta taɓa tako gidana ba tun ranar sunan. Na shimfiɗa mata tabarma na kawo ruwa. Ta kori yarana waje, ta yi ta kewaye-kewaye, zafin gari, tsadar hatsi, sannan ta rage murya ta shiga maganar 'yarta. Zan kira ta Fanna, budurwa ce tana ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, bana za ta zauna jarrabawar bak. Yarinya mai hankali, ita kaɗai ce a gidan nan ba ta taɓa canza mini fuska ba. Wai wata da watanni ke nan Fanna tana faɗuwa a aji, zuciya na bugu, numfashi na sarƙewa, tana kuka tana cewa za ta mutu. Uwar ta yi mata duk gwajin da ta sani a ɓoye ba a ga komai ba. A gida take ɗaura mata sirum, tana yi mata allurar bitamin, in abin ya yi tsanani ta yi mata ta barci, mutane kuwa an ce musu palu ne ya kama ta. Yanzu yarinyar ta daina zuwa lise gaba ɗaya, ba ta cin abinci, ba ta fita ko ƙofar gida. Yaya Falmata ta ce da bakinta ta san irin nawa ne.

Na ɗauka haƙuri ta zo ba ni, har zuciyata ta fara yin sanyi saboda Fanna. Ashe ba shi ba ne. Wai so take in na je randebuna in ce wa likita magungunana sun ɓace, ko in ce ciwon ya ƙaru a ninka mini, in kawo mata rarar ta riƙa ba yarinyar. Na ce Yaya ai ba a haka, sai an ga mutum an tambaye shi, kuma ba ƙwayar kaɗai ba ce maganin, ki kai ta wurin likitar mana, ga ta nan kusa da ofishinki. Ta dube ni kamar na zage ta.

Ta ce, "In kai 'yata can? Yarinya ce budurwa, tana da gaba, wa zai aure ta in aka ji? Ke ai an riga an san ki a can, ba abin da zai ragu a jikinki."

'Yan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Ba fushi ba ne, fushi na san shi. Ƙyama ce, irin wadda mutum ke ji in ya buɗe tukunya ya tarar abinci ya lalace. Wa ya sa aka san ni a can? Matar da ta tsaya gaban mata ta zazzago harshe tana kwaikwayon numfashina, ita ce zaune kan tabarmata tana shan ruwana tana gaya mini ni mutuncina ya riga ya zube, saboda haka a yi amfani da ni a tsare na 'yarta. Ko kalmar yi haƙuri ba ta fito daga bakinta ba. Kuma gobe da safe za ta sa farar riga ta koma rumfar nan ta ci gaba da kiran 'ya'yan wasu 'yan abone, alhali ta bar tata a ɗaki da allurar barci a jiki. Na ce mata zan yi tunani, don in na buɗe baki a lokacin ban san abin da zai fito ba. Ta tashi tana jaddada mini kar kowa ya ji, wai ta san ni da riƙon sirri.

Washegari na je gidanta lokacin da na san tana wurin aiki. Na tarar da Fanna kwance, ta rame har wuyanta ya fito, littattafanta a jibge sun yi ƙura. Na zauna kusa da ita, ban yi mata wata doguwar tambaya ba, na dai faɗa mata yadda nawa yake zuwa, tun daga sanyin hannu har zuwa jin cewa mutuwa ta iso. Ta tashi zaune ta riƙe hannuna gam, ta ce, "Tanti, ke ma haka kike ji? Kuma ana warkewa?" Na ce ana samun sauƙi sosai, ga ni a gabanki. Sai ta fashe da kuka ta gaya mini abin da ya ƙarasa kashe mini jiki. Ashe ranar sunan nan tana wurin, kuma a lokacin abin ya riga ya fara mata. Ta yi niyyar gaya wa uwarta a satin, da ta ga yadda aka yi da ni sai ta haɗiye, ta yi ta ɓoyewa tana shiga banɗakin lise in ya taso, har ranar da ta faɗi a gaban 'yan aji. Ta ce wani lokacin takan ji gara mutuwar ta zo gaba ɗaya ta huta da jiranta. Wannan maganar ita ta hana ni sukuni, na san ba maganar da za a ji a yi shiru ba ce.

Na gaya wa mijina komai. Amsarsa ta ƙara mini takaici, wai in karɓo maganin kawai in ba su, abu ne na cikin gida, kuma wataƙila ta nan Allah zai shirya ni da yayarsa. Shi shiri yake hange, ni yarinya nake hange. Ba zan yi wa likitocin da suka tsamo ni ƙarya ba, kuma an gargaɗe ni tun farko cewa maganin nan ba a ba wani, abin da ya dace da ni yana iya cutar da ita, balle yarinyar da ke irin wannan maganar, ga allurar da uwarta ke yi mata ban san me za su haɗu su yi ba. Wannan kam na yanke, ba zan yi ba. Abin da ya rage ne ya fi ƙarfina. In na ɗauki Fanna a ɓoye na kai ta, a asibitin da uwarta ke aiki ne, bakin da ya kai labarina shi zai kai nata kafin mu fito, kuma za a ce mahaukaciya ta ja 'yar mutane ta kai ta wajen mahaukata don ramuwa, aurena ba zai kwana lafiya ba. Na yi tunanin in je wurin likitar nan ni kaɗai in roƙe ta ta ga yarinyar a wani wuri, ko a gidana, to amma dole in faɗi allurar da ake yi mata a gida, kuma hakan yana iya taɓa aikin uwar, a ce ni na kashe mata tukunya. Uban yarinyar yana can bakin aiki a wani gari, ba ya sanin komai sai abin da matarsa ta gaya masa, ban sani ba ko in kira shi, ko kiran zai zama wata wutar. Wata ƙawata kuma cewa ta yi in bar su da halinsu, uwar ta ɗanɗana, ko ma in kai ƙarar da na fasa kaiwa tun da yanzu ina da abin riƙewa. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ɓangaren zuciyata da ya ji daɗin wannan shawarar, har na kwatanta kaina tsaye a tsakar gidansu ina faɗa wa mata abin da ke ɗakin majo. Amma wadda za ta sha kunyar ba majo ba ce, Fanna ce, kuma ni na san ɗacin abin.

Don Allah masu aikin asibiti da ke cikin nan, da iyaye mata, da duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ciwon, ku faɗa mini gaskiya. Akwai hanyar da za a duba yarinyar nan ba tare da an yi tallanta ba? In sake zama da uwar in gaya mata maganar da 'yarta ta faɗa mini ko da za ta zage ni, ko in tsallake ta? In na tsallake ta na yi laifi a wurin Allah, tunda ba ni na haifa ba? In kuma na yi shiru wani abu ya samu yarinyar, da wane ido zan dubi kaina?

Randebuna ranar Alhamis mai zuwa ne, kuma Fanna ta sani. Ɗazu da safe ta turo mini saƙo ta salula, ta ce Tanti in za ki tafi ki biyo ta lungun bayan gidanmu, Mama tana fita zan sa niƙabi in jira ki a bakin ƙofa, don Allah kar ki tafi ki bar ni. Na karanta ya fi a ƙirga, har yanzu ban ba ta amsa ba. Me zan ce mata?